Satar Yaro da Sayar da 'Ya'ya a Shaihu Umar: Littafin Tafawa Ɓalewa da Fim ɗin Adamu Halilu

Ba a saba lissafa Shaihu Umar cikin labaran aikata laifi ba. A makarantu ana koyar da shi a matsayin labarin haƙuri da neman ilimi, masana tarihi kuwa suna leƙa cinikin bayi na hamadar Sahara ta cikinsa. Amma wanda ya karanta shi da idon ɗalibin fiƙihu zai tarar da cewa kowace gaɓa ta labarin laifi ne ya motsa ta: shaidar zur a fada, satar ƙaramin yaro, hari a kan ƙauye, yaudarar mace da sayar da ita alhali kuwa 'ya ce, sannan alƙalin da aka kai wa kuka bai share hawaye ba. Abin da littafin ya rasa daga siffofin labaran laifi da aka sani shi ne mai bincike da ranar gurfana. Ana aikata ta'asa a wuce, babu wanda ya bi sawu. Wannan rashi shi ne abin da maƙalar nan ta sa a gaba, domin a kansa ne littafin da fim ɗinsa suka fi rabuwa.

Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta littafin yana malamin Makarantar Midil ta Bauci, bai fi shekara 21 ba, domin gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Shekarar tana da muhimmanci. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana kamen bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan ranar da littafin ya fito, cikin masu sauraron karatunsa akwai wanda aka kamo, akwai wanda ya kamo, kuma mai yiwuwa a zaure ɗaya suke zaune. Marubuci matashi da ke cikin wannan hali ba zai ɗaga murya yadda ya so ba.

Fim ɗin kuwa ya zo bayan shekara 40 da ɗoriya, marubucin ya riga ya yi Firayim Minista, an kuma kashe shi a Janairun 1966. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fara mai da labarin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, sannan Adamu Halilu ya shirya fim ɗin da harshen Hausa a 1976, da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan yana cikin 'yan wasansa. Tsawonsa minti 142 ne, kuma shi Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC na 1977. Daga nan ya ɓace, har aka ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka san Shaihu Umar a ƙasar Hausa ta takarda suka san shi, kuma fina-finan Kano da suka fara da Turmin Danya a 1990 sun taso ba su gaji komai daga gare shi ba.

Dukkan su biyun a wuri guda suka buɗe. Babban malami yana zaune da almajiransa, a littafin an ce a Rauta ne kusa da Bauci, sai suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da sarki ke ji da shi. Bayan wani hari da aka kai ƙasar Gwari, mahassada suka sare shi wurin sarki cewa ya ɓoye wasu daga bayin da ya kamo, aka washe gidansa aka kore shi. Kafin matar ta bi mijinta ta tafi Fatika sallamar iyayenta, ta bar ɗanta amana a hannun ƙawarta, a nan aka sace shi. Ya kuɓuta daga ɓarawon farko, ya faɗa hannun mutanen Gumuzu, aka kai shi Kano, daga nan ya koma hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama limami. Uwar ta biyo sawu, wani Ado ya yaudare ta da alkawarin sada ta da ɗanta, ya kai ta Murzuk ya mai da ita baiwa, aka sayar da ita zuwa Tarabulus. Can Umar ya same ta bayan wani mafarki da ya yi, ba ta daɗe ba ta rasu.

Ƙarfin littafin duka a muryar mai ba da labari yake. Dattijo ne da ya riga ya tsallake, ya ga ƙarshen al'amari, ya kuma sallama wa Ubangijinsa. Yana faɗin satarsa da irin natsuwar da yake faɗin saukar karatunsa. Wannan natsuwa ba aibi ba ce. Ita ce ma abin da ya sa littafin ya fi 'yan uwansa na gasar 1933 nauyi, domin Ruwan Bagaja raha ce, Jiki Magayi kuwa wutar ramuwa ce, shi kuma wannan sanyin zuciyar mumini ne. Sai dai sanyin yana da kuɗinsa. Mai karatu yana aron zuciyar Shaihu ba tare da ya sani ba, ya yafe abin da ba shi aka yi wa ba, ya rufe littafin yana tuna falalar haƙuri, sunan Ado da na Gumuzu kuwa sun riga sun zame masa.

A nan ne ɗalibin aƙida ya kamata ya farka. Imam Ƙarafi a cikin Al-Furuƙ ya raba tsakanin yarda da hukuncin Allah da yarda da abin da aka hukunta. Na farko wajibi ne a kowane hali. Na biyu kuwa yana bin hukuncin abin da ya auku ne, ta yadda yarda da saɓo da zalunci haramun ne ko da yake da ƙaddara suka auku. Shaihu Umar yana kan na farko, kuma haƙƙinsa ne ya yafe abin da aka yi masa. Haɗarin yana ga mai karatu, wanda muryar ke iya zamewa da shi zuwa na biyu, har ya ga kamar satar ta zama alheri tun da ta kai yaro ga ilimi. A littafin duka mutum ɗaya ne uƙuba ta sama nan take, wato ɓarawon farko, kuma kura ce ta cinye shi. Hukunci a hannun dabba da guguwar hamada yake, babu inda ya fito daga bakin mutum.

Akwai wani abu kuma da masu ilimin hadisi za su lura da shi tun kafin kowa. Rabin abin da Shaihu ke faɗa bai halarta ba. Bai kai hankali ba lokacin da aka sari Makau a fada, ba ya Murzuk ranar da mahaifiyarsa ta tsaya gaban alƙali. Da ma'aunin malaman isnadi, ruwayarsa a waɗannan wurare yankakkiya ce, ko kuma a ce ya karɓo ta daga uwar a 'yan kwanakin da suka yi tare a Tarabulus. Wannan giɓi yana ba littafin wata kunya mai kyau. Ɗa ne ke ba da labarin wulaƙancin da aka yi wa mahaifiyarsa, a gaban almajiransa, don haka yana taƙaitawa, yana wucewa da sauri ta inda Bahaushe ba ya tsayawa.

Kyamara ba ta da wannan kunya, ba ta kuma da isnadi. Da zarar Shaihu ya fara magana fim ya koma baya, sai mai ruwaya ya janye, mai kallo ya zama shi ne ganau. Abin da aka ji daga wani daga wani ya koma abin da ido ya gani. Hadisin Ibn Abbas da Imam Ahmad ya ruwaito ya tabbatar da cewa labari ba ya kai matsayin gani da ido, Bahaushe ma ya ce gani ya kori ji. Ribar fim ɗin ke nan, kuma babba ce. Abin da littafi ke iya ƙirgawa da lamba, fim ba shi da yadda zai yi sai ya tsayar da mutum mai fuska. A shafi, bayin da ake gardama a kansu a fadar Kagara adadi ne kawai, ana tambayar ko nawa Makau ya kamo, babu mai tambayar su wane ne, kuma wa ya halatta kama su. Tausayin mai karatu duka yana tafiya ga Makau da aka yi wa ƙazafi. Amma bawa a majigi ɗan wani ne da ke numfashi, kuma mai kallo ba zai iya ƙin ganinsa ba. Haka ma uwar. A littafi ana ba da labarinta ne, a fim ita ce ke tafiya da ƙafarta, kuma da zarar ta sami fuska da murya, labarin ya daina zama na malamin da ya yi nasara shi kaɗai.

Tun da ta sami fuska, ya kamata a saurari ƙararta kamar yadda alƙalin Murzuk bai saurara ba. Asali ga mutane 'yanci ne, wanda ya yi da'awar mallaka shi ke kawo hujja. Mas'alar ba baƙuwa ba ce a ƙasashen nan. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayar mutanen Tuwat a cikin Mi'irajus Su'ud, ya bayyana cewa sababin bauta kafirci ne a yaƙin da shari'a ta yarda da shi, launin fata ba sababi ba ne, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Wasiƙatu Ahlis Sudan ya ce bautar da 'ya'yan Musulmi haramun ne da ijma'i. Ƙaninsa Abdullahi ya koka a Tazyinul Waraƙat kan masu sayar da 'ya'ya a kasuwa, tun jihadi bai gama sanyi ba, har ya bar jama'a ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Sama da duk wannan akwai hadisin ƙudusi na Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, a Sahihul Bukhari, inda aka lissafa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama. Matar da ta fito daga Fatika ta ƙasar Zazzau, tana salla, tana faɗin garinsu da sunan mijinta, ba ta buƙatar shaida. Ado ne ke buƙata. Alƙalin da ya juya wannan ƙa'ida ya aikata laifin da ya fi na Ado muni, domin Ado ɗan kasuwa ne maƙaryaci, shi kuwa littafi ne a gabansa.

Na Makau bai buƙatar dogon bayani. Abin da aka tuhume shi da shi gululu ne, wato ɓoye ganima, kuma ko da ya tabbata, a wurin Imam Malik ladabtarwa ce hukuncinsa. Bai ma tabbata ba. Sarki ya karɓi maganar mahassada ba tare da binciken da aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta ba, kuma daga wannan gaggawa ɗaya duk sauran masifun suka ɓalle.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne Abdulkarim, kuma a kansa littafi da fim suka yi tarayya cikin sassauci. Dukkansu sun gabatar da shi uban riƙo mai kirki wanda ta hannunsa yaro ya sami Alƙur'ani. Kirkinsa gaskiya ne, babu dalilin musunsa. Amma fatake irin su Abdulkarim su ne kasuwar da ta sa mutanen Gumuzu ke kai hari. Ba don mai saye a bakin hamada ba, da mai kamawa bai ɗaura sirdi ba. Ɗa ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, duk hannun da ya faɗa wajibinsa ya nemi iyayensa. Hadisin Abu Ayyub a Tirmizi ya yi kashedin cewa wanda ya raba uwa da ɗanta za a raba shi da masoyansa ranar alƙiyama, kuma malamai sun kafa hujja da shi a kan bayin da mallakarsu ta inganta, balle yaron da babu hannun kowa a kansa. Kyautatawar shekaru ba ta gyara ƙullin da ya ɓaci tun daga tushe. Tafawa Ɓalewa ya bar Abdulkarim ya mutu cikin guguwar rairayi a hanyar dawowa, Umar ya tsira. Ana iya karanta wannan a matsayin hukuncin da marubucin bai iya furtawa da baki ba a 1933, ana kuma iya cewa hanya ce kawai ta dawo da Shaihu gida shi kaɗai. Karatu na farko ya fi daɗi, na biyu ya fi kama da gaskiya.

Ga kuma inda fim ya yi asara. Aikin gwamnati ne na zamanin arzikin man fetur, an yi shi da niyyar nuna wa baƙin duniya girman al'ada, kuma labari ne na shugaban da aka kashe shekara 10 kafin nan, wanda ba a son a taɓa masa rubutu. Irin wannan aiki yakan girmama abin da yake ɗauka. Fada da rawani da doki da raƙumi abubuwa ne masu kyau a ido, kuma ido ba ya tambayar da me aka saye su. Ɗan littafin da ake karancewa a zama ɗaya, idan aka shimfiɗa shi ya kai awa biyu da minti 22, dole a cika tsakani da kallo, kallon kuwa yana iya mai da ta'asa ta zama tarihin kaka da kakanni, abin sha'awa da ya wuce. Sannan janyewar mai ruwaya da ta ba uwa fuska ita ce ta rage wa Shaihu zurfi. Yarda da ƙaddara aikin zuciya ne, alƙalami yana iya shiga can, kyamara kuwa iyakarta fuska mai natsuwa da farin rawani. Wanda ya kalli fim bai karanta littafi ba zai ga zaluncin sarai, amma da wuya ya gane yadda aka yi wanda aka zalunta ya fita ba da ƙiyayya ba, alhali wannan ne abin da marubucin ya fi ƙwarewa a kai. Saɓanin malamai kan halaccin wasan kwaikwayo da ɗaukar hoto sananne ne, ba nan ne wurin warware shi ba. Abin lura kawai shi ne, ko wanda ya tsananta a mas'alar zai amfana da sanin abin da hoto ke yi wa labari, tun da almajiransa suna kallo a wayoyinsu ko ya yarda ko bai yarda ba.

Mas'alar ba ta tsufa ba. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka bayyana gano yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onica ta jihar Anambra, aka sayar, aka sauya musu sunaye, kuma a 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Babu wanda ya ji labarin ya tambaya ko an kyautata wa yaran a gidajen da aka kai su, ko an sa su makaranta. Kowa ya gane cewa laifin ya cika tun ranar da aka ɗauke su. Aikin da aka yi wa Umar shi ne wannan aikin, ba ragi. Abin da ya bambanta shi ne inda aka kai shi da abin da ya zama, kuma shari'a ba ta rataya hukuncin sata a kan makomar wanda aka sace ba.

Mazhabar Malikiyya ma ta fi sauran tsanani a nan. Shehu Halil a Mukhtasar ya fara babin sata da yanke hannu saboda satar ƙaramin yaro daga irin wurin da ake tsare irinsa, tun kafin ya ambaci rubu'in dinari, kuma asalin maganar yana cikin Muwaɗɗa. Abu Hanifa da Shafi'i ba su ga haddi a nan ba, da hujjar cewa ɗa ba dukiya ba ne, Ibnul Majishun daga cikin Malikawa ma ya bi su, amma mashahurin zance a mazhaba shi ne yankewa. Masu sharhi irin su Dardir suka fassara wurin tsaron da gidan iyayen yaron, ko kasancewarsa tare da babban da ke kula da shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafi mai karatu na ƙasar Gaya da Ajingi kai tsaye. A nan, kamar sauran gabashin Kano, har yau yaro kan bar gaban mahaifiyarsa yana ƙarami a kai shi tsangaya mai nisa. Wannan ba sata ba ce, uba ne ya miƙa da hannunsa, malami ya karɓa amana, kuma ta wannan hanya aka sami alarammomin da yankin ke alfahari da su. Amma sabo da ita ya sa kunne ya saba jin rabuwa da uwa da samun karatu a jimla guda, shi ya sa labarin Umar ke wucewa a aji ba tare da ya tsaya wa kowa a maƙogwaro ba. An sace Umar ne a 'yar tazarar da ke tsakanin hannun uwa da hannun wadda aka bar wa amana. Yaro ɗan shekara 6 da aka ɗauko daga wani ƙauyen Ajingi, yake yawo da ƙoƙo a bakin tasha a Kano bayan magariba, ba ya gidan iyayensa, ba ya kuma tare da babba mai kula da shi. Bisa lafazin Halil, wanda ya ɗauke shi a wannan hali bai cire shi daga wurin tsaro ba, haddi ya faɗi, saura ladabtarwar da alƙali ya ga ta dace. Tambayar da ta rage wa masu fatawa ita ce ta wanda ya karɓi amanar ya bar yaron ba tsaro, da abin da ke kansa idan yaron bai dawo ba.